Kasafin kuɗi da tsawon rai: inda ake yanke wanda zai kwanta ciwo

A birnin Glasgow na Birtaniya akwai unguwar da ake kira Calton, a gefen birnin kuma akwai wani ɗan gari mai suna Lenzie. Tsakaninsu tafiyar 'yan kilomita ce. Ƙasa ɗaya suke, gwamnati ɗaya, kuma tun 1948 ganin likita kyauta ne ga mazauna wuraren biyu. Amma rahoton da wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a 2008, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Michael Marmot, ya nuna cewa yaron da aka haifa a Calton ana sa ran zai yi shekara 54 a duniya, wanda aka haifa a Lenzie kuwa shekara 82. Ratar shekara 28 ke nan tsakanin yara biyu da ba su yi komai ba tukuna, ban da zuwa duniya.

Rai da ajali a hannun Allah suke, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma ajali yana zuwa ne da sababi, kuma idan aka ga sababin yana yawan ɗaukar 'ya'yan wata unguwa da wuri yana ƙyale na wata, dole ne a tambayi abin da mutane suka yi da hannunsu. Asibiti bai bambanta yaran nan biyu ba. Abin da ya bambanta su shi ne gidan da suka tashi a ciki, aikin da iyayensu ke yi ko rashinsa, makarantar da suka samu, da abin da ke shiga aljihun gidan a ƙarshen wata. Waɗannan kuwa ba a ma'aikatar lafiya ake yanke su ba. Ana yanke su a ma'aikatar kuɗi, da ta ƙwadago, da ta gidaje, da wurin masu zana dokar haraji da yarjejeniyar ciniki. Ni dai a ganina, ministan kuɗi ya fi ministan lafiya iko a kan lafiyar jama'a, sai dai shi ba a kiransa ya yi bayani idan mutane suka mutu.

Mutane da yawa za su ce ai wannan tsohon zance ne, kowa ya san talauci yana kawo ciwo. Haka ne, amma lamarin ya fi haka zurfi, kuma binciken da ya fito da zurfin an yi shi ne a kan mutanen da ba matalauta ba. A 1967 aka fara bin diddigin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a Landan, binciken da ake kira Whitehall. Dukkansu suna da aiki tabbatacce, suna da albashi, suna zuwa ofis, kuma likita kyauta ne gare su. Abin da aka zata a lokacin shi ne manyan shugabanni ne ciwon zuciya zai fi kamawa saboda nauyin da ke kansu. Sai aka ga akasin haka. 'Yan matakin ƙasa, irin su masinja da mai gadin ƙofa, sun ninka manyan jami'ai wajen mutuwa kusan sau uku. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba gida biyu aka rabu ba, na sama da na ƙasa. Abin kamar matakala yake: akawu ya fi masinja tsawon rai, na sama da akawu ya fi akawu, babban jami'i ya fi su duka. Kowane taki mutum ya sauka, lafiya ta ragu.

Da aka lissafa shan taba, hawan jini, ƙiba da kitsen jini, duka ba su bayyana ko rabin bambancin ba. Zagaye na biyu na binciken, wanda aka fara a 1985 da maza da mata sama da 10,000, ya nuna wani abu da likitoci ba su saba aunawa ba, wato yawan ikon da mutum yake da shi a kan aikinsa. Wanda ake ɗora wa aiki mai yawa, ba shi da ta cewa kan yadda zai yi shi ko lokacin da zai huta, kullum yana jiran umarni, ya fi kamuwa da ciwon zuciya. Jikin ɗan Adam an yi shi ne ya ɗauki firgici na ɗan lokaci sannan ya huce. Idan fargabar kora daga aiki, da kuɗin haya, da bashi suka zauna a ƙirji shekara da shekaru, jini ya riƙa hawa, barci ya lalace, garkuwar jiki ta yi rauni. Ta wannan hanya dokar ƙwadago take shiga jijiyar mutum.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan nisa. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, an toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, aka yi yunwa ta 'yan watanni. Da yaƙi ya ƙare abinci ya dawo. Amma bayan gomman shekaru, masu bincike sun tarar waɗanda suke cikin ciki a lokacin yunwar sun fi takwarorinsu kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya. Ma'ana, matakin da ya sa mai juna biyu ta rage ci a bana, ko tashin farashi ne ko janye tallafi, ana iya biyan kuɗinsa bayan shekara 50, lokacin da babu wanda zai tuna wa ya sa hannu a takardar.

Ba yau aka gano wannan ba. A 1848 gwamnatin Prussia, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ta tura wani matashin likita, Rudolf Virchow, ya binciki annobar zazzaɓi a yankin Silesia. Ya dawo da rahoton da ke neman ilimi, da 'yancin jama'a su gudanar da al'amuransu, da sauke nauyin haraji daga kan talakawa. A Ingila mace-macen tarin fuka sun yi ta raguwa tun ƙarni na 19, tun kafin a samu maganin cutar a shekarun 1940. Masana tarihi suna muhawara kan ko ingancin abinci ne ya fi taimakawa ko gyaran gidaje da tsafta, amma babu mai cewa ƙwaya ce, domin babu ita a lokacin. Kwalara ma ba asibiti ne ya kore ta daga Landan ba, manyan magudanan ƙazanta da aka gina bayan 1858 da tsabtace ruwan sha ne suka yi aikin.

Wannan ba ya nufin asibiti ba shi da amfani. Yana da shi ƙwarai, shi ya sa ma yadda ake biyan kuɗinsa yake cikin manufofin da suka fi kashewa ko rayawa. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata na Tarayyar Sobiyet suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Ba a jima ba rikicin bashi ya faɗa wa ƙasashe masu tasowa. Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka ba da rance bisa sharaɗin tsuke bakin aljihu, kuma a 1987 Bankin Duniya ya fito fili yana ba da shawarar a riƙa karɓar kuɗi daga marasa lafiya a asibitocin gwamnati. Hujjar tana da daɗin ji: kuɗin kaɗan ne, zai taimaka a sayi magani, zai kuma hana mutane zuwa asibiti ba gaira ba dalili.

A duba yadda abin yake a gidan da ake cin na yau a nemi na gobe. Yaro ya kwana da zazzaɓi. Uwar ta taɓa goshinsa da asuba, ta san ya kamata a je asibiti. Sai lissafi ya fara: kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin magani, ga kuma wunin da za ta rasa ba ta nemi komai ba. Sai ta ce bari a ga zuwa gobe, ta sayi ƙwaya biyu a shago ta ba shi. Gobe ya ɗan ji sauƙi, jibi jiki ya rikice. Ranar da aka kai shi yana suma, abin da ƙaramin magani zai warkar ya koma sai an kwantar, sai an ƙara jini, sai an sayar da wani abu a gida ko an ci bashi. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Me ya sa kuka bari sai yanzu?" Uwar ta sunkuyar da kai. A takardar asibiti za a rubuta an kawo shi a makare, kuma za a ɗauka jahilci ne. Ba jahilci ba ne, matar nan ta iya lissafi sarai, kuɗin da aka ce kaɗan ne shi ya tsayar da ita a ƙofa.

Shaidar hakan ta fito lokacin da aka cire kuɗin. Yuganda ta soke shi a 2001, nan take masu zuwa asibitin gwamnati suka ƙaru, musamman matalauta. Saliyo ta yi haka a 2010 ga masu juna biyu, masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Sai dai Yuganda ta koyar da darasi na biyu: idan aka soke kuɗi ba a ƙara wa asibiti kaso daga baitulmali ba, magani yana ƙarewa, sai a rubuta wa mutum takarda ya je ya saya a waje. Har yau, bisa rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2023, mutane kusan biliyan 2 ne kuɗin jinya ke jefawa cikin ƙunci. Tun 1971 wani likitan Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya lura cewa inda aka fi buƙatar kulawar likita nan ta fi ƙaranci, kuma hakan ya fi tsanani inda aka bar wa kasuwa ragamar jinya.

Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. Daga 2010 Girka ta karɓi rancen ceto bisa sharaɗin rage kashe kuɗi, aka zaftare kasafin lafiya da shirye-shiryen riga-kafi. Sababbin masu kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau cikin masu yi wa kansu allurar ƙwaya suka tashi daga 15 a 2009 zuwa 484 a 2012. Zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kawar daga ƙasar tun shekarun 1970, ya sake yaɗuwa a wasu yankuna bayan an rage feshin sauro. A garin Flint na jihar Michigan a Amurka, wanda gwamnatin jiha ta naɗa wa mai kula da kuɗi saboda bashi, an sauya inda ake ɗebo ruwan sha a 2014 don a rage kashe kuɗi, ba a kuma sa sinadarin da ke hana bututu cin tsatsa ba. Gubar dalma ta zubo cikin ruwan famfo. Mazauna garin, akasarinsu baƙaƙen fata kuma da yawansu matalauta, sun yi ta kawo kwalabe cike da jan ruwa wurin taro ana ce musu ruwan lafiya lau yake, sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta nuna a 2015 cewa dalma ta ƙaru a jinin yara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin abin da aka kashe daga baya wajen canza bututu da biyan diyya ya ninka abin da aka so a adana nesa ba kusa ba, ita kuwa illar dalma a ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

Misali mafi girma a zamaninmu shi ne Rasha. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, tsawon ran maza ya faɗo daga kimanin shekara 64 a 1990 zuwa ƙasa da 58 a 1994, ba yaƙi ba annoba. Waɗanda suka fi mutuwa magidanta ne masu ƙarfin aiki, ta hanyar bugun zuciya, giya, haɗari da kashe kai. Masana sun rabu: wasu suna ɗora laifin kan gaggawar sayar da kamfanonin gwamnati da ta watsar da miliyoyin ma'aikata, wasu suna cewa ƙarshen yaƙi da giya da shugaban Sobiyet Gorbachev ya fara a 1985 da arahar barasa ne ummul haba'isi. Abin lura shi ne ko wanne ɓangare ya yi gaskiya, manufar gwamnati ce. Poland da Jamhuriyar Czech ma sun bar gurguzu a lokaci guda, amma ba su faɗa irin wannan rami ba.

Har yarjejeniyar ciniki tana da gawawwakinta. A shekarar 2000 maganin rage kaifin ƙanjamau yana cin sama da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, saboda dokokin mallakar fasaha. A ƙasashen Turai cutar ta zama wadda ake rayuwa da ita, a kudancin Afirka kuwa ana ta binne matasa. Kamfanonin magani 39 suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu kan dokar da za ta sauƙaƙa samun magani mai araha, sai da matsin lambar jama'a ya sa suka janye a 2001. A shekarar ne kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin a kan dala 350, kuma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta amince a Doha cewa ƙasashe suna da ikon fifita lafiyar jama'arsu. Maganin bai canza ba, ƙa'idar sayar da shi ce ta canza, miliyoyin mutane suka rayu.

To, me ke aiki? A 2003 Brazil ta fara shirin Bolsa Família, wanda ke ba gidaje matalauta ɗan kuɗi duk wata, galibi a hannun uwa, bisa sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu riga-kafi. Binciken da aka wallafa a mujallar Lancet a 2013 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta ragu da kimanin kashi 17 cikin 100 a ƙananan hukumomin da shirin ya fi game jama'a, raguwar ta fi yawa a mace-macen tamowa da gudawa. Tailan ta shimfiɗa tsarin jinya ga kowa a 2002 da kuɗin haraji, alhali ba ta daɗe da fita daga rikicin tattalin arzikin 1997 ba, kuma ratar mutuwar jarirai tsakanin lardunan matalauta da na masu hali ta ragu ƙwarai. Kosta Rika ta rushe rundunar sojanta a 1948 ta karkata ga makaranta da ƙananan asibitoci. Yau mutanenta sun fi na Amurka tsawon rai, alhali Amurka tana kashe kimanin kashi 17 cikin 100 na arzikinta a kan jinya. A can Amurka, wani babban bincike na 2016 ya gano cewa maza mafiya arziki, kashi 1 cikin 100 na sama, sun fi kashi 1 na ƙasa tsawon rai da kusan shekara 15.

Akwai masu cewa duk wannan ɗauke wa mutum alhakin kansa ne: ba gwamnati ce ta sa masa taba a baki ba. Gaskiya ne mutum yana da zaɓi, kuma ba na son a mayar da talaka kamar wanda ba shi da hankalin kansa. Amma idan shan taba zaɓi ne zalla, me ya sa yake bin matakin albashi a ƙasa bayan ƙasa? Zaɓi yana faruwa ne cikin abin da ke kusa, abin da ke da araha, da abin da ake tallatawa. Shi ya sa ƙarin haraji kan taba ya fi wa'azin likita tasiri. Ana sukar harajin da cewa ya fi cin aljihun talaka, kuma sukar tana da tushe. Amsarta tana ga inda kuɗin ya tafi: Filifin ta ƙara harajin taba da barasa a 2012, ta zuba mafi yawan ƙarin a harkar lafiya, har da biya wa matalauta inshora.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta rashin kuɗi, kuma ba a kore ta da fatar baki. Gwamnatin da ta ci bashin da ya fi ƙarfinta dole wata rana ta rage wani abu, hauhawar farashi ma da kanta cuta ce ga marasa hali. Hukumar ciniki da raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2023 cewa mutane biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da ke kashe kuɗi wajen biyan ruwan bashi fiye da abin da suke kashewa a lafiya ko ilimi. Amma ko a cikin matsi akwai zaɓi: me za a fara yankewa, wa za a ƙara wa haraji, da wane sauri, kuma me aka tanada wa waɗanda abin zai fi buga kafin a buga su. Abin da ke ba ni takaici shi ne sau da yawa riga-kafi, ruwan sha da ciyar da yara ne ake fara taɓawa, domin masu cin moriyarsu ba su da murya, kuma illar ba ta bayyana sai bayan zaɓe ya wuce.

Ko inda aka yi niyyar alheri ana iya faɗaɗa rata ba da sani ba. Sabon asibiti na zamani a babban birni, ko sabon gwajin cutar daji, masu ilimi da mota su ke fara amfana, sai alƙaluman ƙasa su nuna ci gaba alhali na ƙasa suna nan inda suke. Idan kuma aka ce shiri na matalauta ne zalla, tantancewa tana zubar da mabuƙata da yawa, masu matsakaicin hali ba sa kare shirin da ba su da rabo a ciki, ga shi kuma binciken Whitehall ya nuna su ma abin yana taɓa su. Shawarar da Marmot ya bayar a rahotonsa na Ingila a 2010 ita ce a yi wa kowa, amma a ƙara ƙarfi gwargwadon buƙata. Wannan ya fi tsada a farko, ya kuma fi ɗorewa.

Duk wannan yana buƙatar abu ɗaya da ba a cika kulawa da shi ba: ƙirga matattu da sanin abin da ya kashe su. An san labarin Calton da Lenzie ne saboda ana rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa tare da unguwar mamaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kusan mutuwa 4 cikin 10 a duniya ba a yi musu rajista, a yankin Afirka kuwa kimanin 1 cikin 10 kawai ake rubutawa. A irin waɗannan ƙasashe ana iya janye tallafi, a ƙara kuɗin asibiti, ko a rufe masana'antu, kuma babu takardar da majalisa ko ɗan jarida zai ɗauko bayan shekara 5 ya nuna a wace unguwa mace-mace suka ƙaru, da kuma nawa.